Icce marar suna cikin kasko: amanar da aka bar ma kawuna

Shekara goma sha ɗaya kawuna ya yi yana gadin wani gida a unguwar Filato ta birnin Yamai. A farkon watan Agusta na 2023, sa'ad da jiragen sama suka shiga kwashe Turawa bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yuli, uban gidanshi ya fita da jaka guda a hannu. Ya bar mashi mabuɗai, da albashin wata uku, da wasu kasake uku da ke jere bisa tebur a baranda, kowane da ɗan iccenshi a ciki. Abin da ya faɗa mashi a bakin ƙofa bai fi wannan ba: « Ka kula mini da su, ina dawowa. » Mai gida ya karɓi gidanshi, aka sayar da kayan ɗaki, amma kasaken nan kawu ya aza su bisa amalanke ya kai su Bukoki inda yake zaune, domin a wurinshi duk abin da aka ce ka riƙe sunanshi amana, ko raƙumi ne ko allura.

Cikin itatuwan babu wanda ya wuce kamu guda tsawo, amma kowane siffar tsohon icce gare shi. Na farko ganyenshi kamar ƙananan allurai, ya karkace gefe guda tamkar wanda iska ta daɗe tana bugu. Na biyu yana da ganye mai sheƙi, gindinshi kamar rogo biyu da suka rungumi juna. Na uku kuwa ƙaton ciki gare shi kamar tulu, da ƴan gajerun rassa a bisa. Babu takarda, babu suna, babu ko alamar inda suka fito. Kawu, ɗan manomi daga ƙasar Tasawa, sai ya yi musu adalci irin na uba ga ƴaƴanshi: ya shigar da su ɗaki don kada rana ta ƙone su ko awaki su taɓa su, ya riƙa ba kowane ruwa buta guda safe da maraice. Kafin watan Oktoba ya ƙare, na farko ya koma launin ƙasa, na biyu ya zubar da ganye saura ƙwaya bakwai, na uku gindinshi ya fara laushi kamar ruɓaɓɓiyar kabewa. Nan ne ya aiko a kira ni. Ya ce: « Ɗana, kai da ka yi lekol, zo ka karanta mini itatuwan nan. »

Ban iya karanta su ba ran nan. Abin da na koya daga baya shi nake son in kawo ma masu karatu, domin ba kawu kaɗai ne irin wannan kaya ya faɗo ma hannu ba: wani tsaraba aka kawo mashi, wani sha'awa ta sa ya saya, kuma galibi duka babu suna.

Bonsai ba sunan icce ba ne

Waɗannan ƙananan itatuwa su ake kira bonsai. Kalmar ta mutanen Japon ce, gaɓa biyu: « bon », wato faranti ko kasko, da « sai », wato shuka. Ke nan ma'anarta shuka cikin kasko. A nan kuskuren farko yake, kuma daga shi sauran ke fitowa. Mutane na zaton bonsai wani irin icce ne wada da Allah ya halitta haka, alhali kuwa icce ne kamar kowane, wanda aka hana ma girma ta hanyar ƙuntata saiwarshi cikin kasko da yawan datse rassanshi. In ka fid da shi ka dasa a gona, ka ba shi shekaru, zai koma ga tsawon iyayenshi. Saboda haka tambayar « yaya ake kula da bonsai? » daidai take da tambayar « yaya ake kiwon dabba? » Sai an ce maka raƙumi ne ko agwagwa kafin ka san amsa.

Sana'ar daga ƙasar Sin ta taso. A kabarin wani ɗan sarki mai suna Zhanghuai, wanda aka gina a shekara ta 706, akwai zane a bango na wani bara ɗauke da faranti mai ƴan duwatsu da shuka. Daga can ta ƙetara zuwa Japon, inda aka tace ta har ta zama abin gado. A birnin Washinton na Amurka akwai wani icce, irin wanda Faransawa ke ce ma « pin », da ke cikin kasko tun 1625. Yana gidan masu shi a Hiroshima, kimanin kilomita 3 daga inda bom ya faɗa a 1945, kuma bai mutu ba. Mai shi, Masaru Yamaki, ya ba da shi kyauta ga Amurka a 1976 ba tare da ya faɗi wannan labari ba, sai a 2001 jikokinshi suka zo ziyara suka bayyana. Mai karatu ya lissafa hannuwa nawa suka ba wannan icce ruwa cikin shekara ɗari huɗu, ba tare da an samu wanda ya manta da shi har ya bushe ba. A watan Janairu na 2019 kuma, ɓarayi suka sace itatuwa bakwai a wani lambu na Kawaguchi kusa da Tokyo, cikinsu har da wani mai shekara 400. Uwar gidan lambun, maimakon ta tsaya ga tsinuwa, sai ta roƙi ɓarawon ya dai riƙa ba shi ruwa. Da na ba kawu wannan labari sai ya girgiza kai ya ce wannan mata ta san amana.

Amma kada mu ruɗi kanmu. Waɗanda ke isowa hannunmu ba irin waɗancan ba ne. Mafi yawa ana noma su ne da dubbai a gonakin kudancin Sin, a loda su cikin jiragen ruwa zuwa Holan, daga nan su watsu cikin kantunan Turai. Ɗan kasuwa bai damu da suna ba, abin da yake rubutawa bisa kasko shi ne « bonsai » da farashi, wani lokaci ma sunan da ya rubuta ba daidai ba ne. A ganina wannan ha'inci ne, ko da ba a kira shi haka ba, gama wanda ya sayar maka da abu mai rai ya ɓoye maka abincinshi, ya san za ka komo sayen wani.

Ganye ne takardar shaidar icce

To, in babu takarda, icce da kanshi yana ɗauke da tashi. Abu na farko da masana tsirrai ke dubawa shi ne yadda ganye ke zaune bisa reshe: biyu-biyu suke fitowa suna fuskantar juna, ko ɗaya-ɗaya, wannan dama wancan hagu? Wannan kaɗai na raba itatuwa gida biyu. Bayan haka a duba bakin ganyen, sumul yake ko yana da haƙora kamar zarto. A duba ko ganye guda ne, ko ƙanana da yawa ne jere bisa tsinke ɗaya kamar na tsamiya da zogale. A taɓa a ji kaurinshi. Daga nan a tsinke guda a ga abin da zai fito, a murje shi a sunsuna. Abin da ba a yi shi ne ɗanɗanawa, kuma dalili na nan tafe.

Da wannan awo, itatuwan da aka fi sayarwa ba su da wuyar ganewa. Ganye ɗaya-ɗaya, mai sheƙi, sumul, wanda ke fid da farin ruwa kamar nono in an tsinke, da ɗan tsini a kan reshe inda sabon ganye ke naɗe: wannan Ficus ne, ɗan'uwan ceɗiya da gamji da ɓaure da durumi. Ƙananan ganye ɗaya-ɗaya masu haƙora: « orme de Chine » ne. Ganye mai duhun kore, mai kaushi, da ɗigo-ɗigon fari a bisa da ƴan fararen furanni: Carmona. Ƙananan ganye biyu-biyu da wari marar daɗi in an murje ɓawo ko saiwa: Serissa. Ganye mai kauri cike da ruwa, kewayayye kamar ƙwandala, bisa jan reshe: Portulacaria, ɗan Afirka ta Kudu, wanda ya fi duka haƙuri da ƙishirwa.

Akwai kuma taimako cikin wayar hannu. Manhajar Pl@ntNet, wadda cibiyoyin bincike na Faransa suka fitar a 2013, kyauta ce: ka ɗauki hoton ganye, ta ba ka sunaye. Shawarata ita ce a ɗauki ganye guda kusa-kusa bisa farar takarda, kada a ɗauki iccen gaba ɗaya, domin siffar bonsai aikin almakashi ce, ba ta gaya ma na'ura komi. Kuma a riƙi amsarta kamar maganar ɗan jagora a garin da ba naka ba: a ji, a sake tambaya. Ma'aikatan gandun daji da tsofaffin masu rainon dashe sun fi ta sanin itatuwanmu.

Na farkon kawu « genévrier » ne, ƙamshin ganyenshi ya nuna. Na kankare ɓawon da farce: in akwai rai, za ka ga kore mai danshi a ƙarƙashi. Busasshe na tarar tun daga reshe har gindi. Irin wannan icce mayaudari ne, yana iya mutuwa ya ci gaba da zama kore har makonni, ta yadda ranar da ka ga ya canza launi, jana'iza ta riga ta wuce. Ɗaki ne ya kashe shi, don icce ne na fili mai son rana da iska. Na gaya ma kawu kada ya ɗora ma kanshi laifi fiye da kima: itatuwan ƙasashen sanyi, irin su « érable » da yawancin « pin », suna bukatar makonni na sanyi mai tsanani kowace shekara don su yi barci su farka. Ɗarinmu na Disamba da Janairu, wanda ke sa mu rawar jiki, a wurinsu ba sanyi ba ne, sannan ga zafin Afrilu da Mayu mai wuce digiri 40. Wanda aka kawo ma irin su a Maraɗi ko Tawa, ya san baƙo ne mai gajeren kwana.

Na biyu Ficus ne, irin wanda ƴan kasuwa ke ce ma « ginseng » saboda kumburarrun saiwoyinshi. Duhu ne ya zubar mashi da ganye. Muka fid da shi ƙarƙashin rumfa inda yake samun hantsi, kafin wata guda ya tofo.

Na uku shi ne ya kusa jawo abin da ya fi mutuwar icce. Duk gidan sun yanke cewa kuka ce, saboda cikin nan nata, har matar kawu na cewa cikin raha ranar da cefane ya gagara za ta tsinki ganyen ta yi miya. Zaton bai rasa hujja ba: ana yin bonsai da kuka, kuma kuka tana ƙarama ganyenta guda-guda ne, sai ta girma yake rabuwa kamar yatsun hannu. Amma kama da wane ba ta wane. Da muka tsinke ganye sai ruwa mai danƙo ya ɓulɓulo, abin da kuka ba ta yi. Kariya ce, wadda masana ke kira Adenium obesum, Faransawa kuma « rose du désert ». Dangin tumfafiya ce, ruwanta dafi ne mai taɓa zuciya, har maharba a sassa da dama na Afirka sun daɗe suna shafa shi ga kibau. Ga jikoki uku na rarrafe a tsakar gidan. Ran nan aka aza ta bisa katanga, aka kuma kafa doka: wanda ya taɓa ta ya wanke hannu da sabulu, kada ya kai ido.

Kawu dai bai yarda ba. Ya ce ya san kariya tun yana kiwon awaki, ba ta zama cikin kasko kamar amarya. Na bayyana mashi cewa masu lambu a Tailan da Taiwan sun ɗauki wannan shuka ta dajinmu sun mai da ita sana'a, suna ɗaga gindinta bisa ƙasa duk sa'ad da suka sake mata kasko don cikin ya fito fili, suna sayar ma duniya. Ya ce sai ya gani. Muka tumɓuke ta, muka yanke ruɓaɓɓen wurin da wuƙa mai tsabta har muka kai ga lafiyayyen nama, muka barbaɗa garin gawayi, muka bar ta a inuwa kwana bakwai ta bushe, sannan muka mai da ita cikin yashi da tsakuwa. Da rani ta fid da furanni ja-ja masu kamar bakin kakaki. Kawu ya tsaya ya dube ta ya ce: « Ashe ke ce! »

Ruwa, rana da ƙasa

Wanda bai gano sunan iccenshi ba tukuna, kada ya yi gaggawa. Kada ya datse, kada ya sake kasko, kada ya sa taki. Ya ajiye shi waje inda rana ke bugu daga fitowarta zuwa hantsi, inuwa kuma ta rufe shi kafin azahar. Kada kasko ya zauna bisa siminti ko kwano, gama a bazara suna gasa saiwa kamar masa. A aza shi bisa katako ko benci, inda akuya ba ta kaiwa kuma gara ba ta hawa. Ɗakin da ke da na'urar sanyi ya fi kowane muni, don ya haɗa duhu da busasshiyar iska.

Ruwa shi ne babban ilimin, kuma ba a ba da shi da agogo. A tura yatsa cikin ƙasar misalin gaɓa guda: in da danshi a bari, in ta fara bushewa a zuba. In za a zuba kuma a zuba sosai, har ya fito ta hujin ƙarƙashi, kada a yi yayyafi. Kaskon da ba shi da huji kabari ne. Haka kuma wasu ƴan kasuwa na manne tsakuwa da gam a bisa ƙasar don kada ta zube a hanya. A ɓamɓare ta, tana hana ruwa shiga. Ficus na kawu a watan Afrilu yana sha sau biyu a yini, da damana kuwa yana iya kwana uku ba a ba shi ba. Kariya da ke kusa da shi sai ƙasarta ta bushe ƙarau ake ba ta, da sanyi ma kusan a ƙyale ta. Kuka ita ma haka: in ta zubar da ganye da rani barci take yi, wanda ya dame ta da ruwa zai ruɓar da ita. Lokacin hunturu a riƙa wanke ƙurar da ke bisa ganye. In farin gishiri ya fara taruwa a bakin kasko, daga ruwan ne. A tari na sama da damana, ya fi kowane.

Mutanen Japon na amfani da wata ƙasa mai ƙwaya-ƙwaya da suke kira akadama. Ba mu da ita, ba mu kuma bukatarta. Abin da ake nema shi ne ƙasar da ruwa ke ratsawa nan take, iska ta bi bayanshi. Mun haɗa dakakkiyar marmara, da yashi mai tsakuwa na ƙorama, da ɗan gawayi, da tsohon takin da ya riga ya ruɓe, muka tankaɗe muka zubar da garin, muka riƙe tsakin. Wannan ya ba matar kawu dariya, ta ce ba ta taɓa ganin inda ake tankaɗe a zubar da gari ba. Laka da yumɓu kuwa ba su shiga kasko ko kaɗan. Lokacin sake ƙasa ga itatuwan ƙasashen zafi shi ne faɗuwar damana, sau ɗaya cikin shekara biyu ko uku, kuma kada abin da za a rage na saiwa ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Bayan haka a bar icce a inuwa mako biyu, kada a ba shi taki sai ya yi wata guda. Mun yi ma Ficus haka a watan Yuni na 2024.

Datsa ba ta da wuya ga icce mai lafiya: a bar reshe ya yi ganye shida ko takwas, a mai da shi biyu ko uku. Ga Ficus « ginseng » akwai abin lura guda. Rassanshi na bisa aure aka yi musu da gindin, ana ganin tabon. Duk tohon da ya fito ƙasa da tabon, mai manyan ganye, a cire shi, in ba haka ba zai rinjayi na bisa. Game da lanƙwasa rassa, Hausawa sun riga sun faɗi ka'idar, cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ana naɗa wayar alminiyom ko ta jan ƙarfe a karkace, mai kaurin kashi ɗaya cikin uku na reshen, a lanƙwasa a hankali. Sai dai a nan icce na kumbura da sauri da damana, in aka manta da waya wata biyu za ta nutse cikin ɓawo ta bar tabon da zai daɗe. A yanke ta gunduwa-gunduwa, kada a warware.

Ni dai, da za a tambaye ni, cewa zan yi wanda ke sha'awar wannan abu a ƙasarmu ya bar wahalar da kanshi da baƙin itatuwa. Tsamiya na cikin waɗanda masu bonsai na Indonesiya da Filifin ke ji da su, ga ƙananan ganye, ga ɓawo mai tsagewa. Ceɗiya na kamawa daga reshe. Kuma duk wanda ya taɓa ganin aduwa ko magarya da awaki suka shekara ashirin suna gaigaya a gefen dutse, gajera, murɗaɗɗiya, mai kaurin gindi, ya riga ya ga abin da mutanen Japon ke hawa tsaunuka nema. Manoman Maraɗi da ke sassabin zamani, masu zaɓen toho biyu ko uku bisa kututture su cire sauran, hannunsu ya riga ya san rabin aikin.

Na taimaki kawu ya aika ma uban gidanshi hotuna ta WhatsApp, da bayanin cewa ɗaya ya mutu, biyu na nan. Amsa ta zo bayan kwana tara: godiya, da cewa shi ma bai taɓa sanin sunayensu ba, wani abokin aiki ne ya bar mashi su lokacin da zai tashi. Ya ce kawu ya riƙe su, nashi ne. Kawu ya ce a rubuta mashi cewa ya ji, amma ajiya dai ajiya ce har ran da ya zo. Kaskon mamacin bai zauna wofi ba: ya shuka ƙwallon tsamiya uku a ciki, biyu suka fito, ya cire guda. Ya kuma sa jikanshi da ke lekol ya rubuta sunan kowane icce da fenti a jikin kaskonshi, da Hausa da Faransanci, na kariya da jan fenti.